Ofal a Yatsar Gwaggo Rakiya

"Danna kawai, Chamsiya. Wa ya ce ki karanta mini jarida?"

"Yaya, ba jarida ba ce, bayanin zoben ne. Ka bari in kai ƙarshe mana. Ga shi nan an rubuta kada a bari..."

"Kada a bari ya wuce mu. Shi ke nan abin da aka rubuta. Danna."

"Ba haka aka rubuta ba."

"To ni da ke wa ya zauna Agadas?"

Kullum a nan gardama da Yaya Rabiou take ƙarewa. Ya zauna Agadas kam, bai ma cika damina ba, yana sayar da burodi a tasha. Amma in ka ji shi yana ba da labari za ka ɗauka shi ya koya wa maƙeran Buzaye riƙon guduma. Yanzu a wani garaji yake aiki a nan Greensboro, yana canza taya da baƙin mai, kuma ba abin da bai sani ba a duniya sai karatun Turanci, shi ya sa nake zaune gaban kwamfuta yana tsaye a kaina yana hura mini numfashin albasa.

Lokacin da muka zo daga Maradi ko sunan titinmu ba na iya karantawa. Yanzu kuwa ba abin da ke wuce ni: kwalin madara, takardar wuta, allon hanya, littattafan laburare har sai an kore ni za a rufe. To tun da aka gane haka na zama ma'aikaciyar gidan. Abin haushin shi ne a sa ka karatu kuma a hana ka kai aya.

Zoben na Afnan ne. 'Yar Kanawa ce, gidansu na Sedgefield can inda ciyawar filin golf ta fi kafet ɗinmu laushi, tana karatun nas. Yadda aka yi ta so yayana, wannan ni ma ban karanto shi a ko'ina ba. Babanta, Alhaji, ya yarda rabi da rabi. Sauran rabin yana hannun yayarsa, Gwaggo Rakiya, wadda ta zo daga Kano ganin likita ta ƙi komawa. Ita ta ce ranar da za a kawo kayan sa rana za ta duba da idonta abin da ɗan garaji zai iya kawowa. In ta ce bai yi ba, Alhaji ba zai sa rana ba. Kowa ya san haka har da Yaya, duk da yana yi kamar bai sani ba.

Afnan abu ɗaya ta roƙa. Tana son zobe irin na ƙawayenta, amma ban da daimon, wai ta ji yadda ake yanke hannuwan mutane a kansa. Da bakinta ta faɗa. Kafin Juma'a ta zagayo labarin ya koma cewa Yaya ne ya shiga mol, Bature mai shago ya baje masa daimon yana roƙo, shi kuwa ya ce a kwashe.

"Na ce masa, Monsieur, wannan ai shi nake sharewa kullum in gilashin mota ya fashe. Ni dutse mai rai nake nema."

Dutse mai ran shi ne wannan da muke kallo a wani shafin gwanjo, wanda ake kira ofal, daga Habasha, a kan azurfa.

"Suna tambayar lamba," na ce.

"Ba su lambar wayata."

"Lambar yatsarta, Yaya."

Ba ya iya tambayarta, don yana son ya ba ta mamaki. Ba ya iya riƙe hannunta, don Mama za ta kashe shi kafin Alhaji ya iso. Na ce bari in je in auna da zare, ai ni mace ce. Ya ce sirri ba ya zama a bakin yara. Sai ya fita mota ya dawo da jakar kayan aikinsa, ya zazzage sifanoni a kan teburin cin abinci, ya dinga ɗaga su ɗaya-ɗaya yana leƙawa ta ramin da ido ɗaya.

"Walà, ga ta nan. Sha tara."

"Ta yaya ka sani?"

"Ta kawo mota canjin mai, na ga hannunta a kan sitiyari. Ni da nake kallon noti daga nesa in faɗi lambarsa?"

"A watan Janairu ta kawo motar. Da safar hannu."

"Na cire safar a lissafi."

Ya manna sifanar a jikin gilashin kwamfuta, kan da'irorin da suka zana na awo, ya zaɓi wadda ta yi daidai. Na danna. Allah ya gani na yi magana.

Gaskiya ɗaya, da zoben ya iso ya yi kyau. Kamar ɗigon madara da aka kulle bakan gizo a ciki. Ka juya shi nan ya yi kore, ka juya can ya yi ja kamar garwashi. Mama ta ce tabarakalla ta mayar cikin akwatinsa. Da a nan ya tsaya, da ban rubuta komai ba.

Amma Yaya ba ya mallakar abu a ɓoye. Zoben ya je garaji. Ya je shagon nama na halal. Ya je fakin ɗin masallaci bayan Juma'a, inda duk ɗan Nijar da ke garin ya taɓa shi, wasu da maiƙon tsire a hannu. Abokinsa Ousseini ya zura shi a ɗan yatsansa ya ce, "Rabiou, wannan na amarya ne ko na ɗaure rago?" Yaya ya ce masa jahilci ba ya magani.

Ya dawo gida zoben ya yi dauɗa, ya tare sink, ya zuba sabulun wanke-wanke, ya jiƙa shi a kofin shayi ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo ya tsamo, sai muka ji ya ce "Chamsiya" da wata ƙaramar murya wadda ban taɓa jin sa da ita ba.

Kalar ta tafi. Ba kore, ba ja, ba madara. Dutsen ya zama garau kamar ƙanƙarar firji, kana hango yatsarsa ta ciki.

"An cuce ka," in ji Mama. "Kwalba suka saida maka, ɗan nan."

"Barci yake, Mama."

"Mi ke barci?"

"Dutsen. Haka suke yi. A Agadas..."

Gumi yana zuba har wuyan rigarsa. Ya rasa abin yi, sai ya tuna yadda aka yi da wayar Ousseini da ta faɗa bokiti, ya tura zoben can cikin buhun shinkafarmu ya hana kowa ɗiba. Muka koma cin taliya. Ni kuwa ranar Litinin daga lakwal, wato makaranta, na wuce laburare na nemo littafin duwatsu. A nan na ga abin da aka hana ni ƙarasawa. Irin wannan ofal ɗin kamar soso yake, yana shan duk abin da ya taɓa shi. Ruwa in ya sha yana bushewa kalar ta dawo da kanta. Mai, turare, hayaƙi kuwa in sun shiga sun zauna.

Na kawo littafin gida na buɗe masa shafin. Ranar kuwa ya tono zoben daga shinkafa, kalar ta dawo tsaf.

"Littafinki ne ya warkar da shi ko ni?"

"Bushewa ya yi, Yaya. Ko a kan taga ka ajiye..."

"Mama, kin ji? Na tayar da dutse daga suma, ana ce mini taga."

Daga ranar ya zama likitan duwatsu. Har wani mai gadi ɗan Zinder ya kawo masa carbi ya duba.

Ana jibi kai kaya Tanti Kaltouma, maƙwabciyarmu mai haɗa humra, ta zo da kaskonta turara atamfofi. Ta baje komai a kan kwando, hayaƙi ya cika falo har na'urar gobara ta fara ihu, Mama ta hau kujera ta ɗaure ta da leda. Ina juyowa na ga Yaya ya ɗora zoben a saman kwandon.

"Hayaƙi yana shiga cikinsa," na ce.

"To ai shi ake so. Ki kai wa Kanawa zobe ba ƙamshi?"

"Wannan yarinya tun da ta iya boko ba a shan iska," in ji Tanti.

Na fizge shi na sa a aljihu. Mama ta ce in ajiye kafin ta ajiye ni. Da aka gama dutsen ya ɗan yi launin shayi mai madara. Yaya ya ɗaga shi a haske ya ce, "Bon. Ya nuna."

Saura rigima ɗaya. Yaya ya ga a talabijin yadda ake durƙusawa a kan gwiwa ɗaya a buɗe akwati, har ya sayi kwat mai ruwan toka don haka. Mama ta ce ba a gidan surukanta ba. Zobe zai shiga cikin kaya tare da goro da alawa, mata su kai wa mata, maza su yi magana da maza, ango kuma ko inuwarsa kada a gani. Ya ce to ai shi zai tuƙa mu. Ta ce ya tuƙa, ya zauna cikin mota kamar direba. Ya sa kwat ɗin duk da haka.

Falon su Afnan ya ci namu har da kicin. Mata sun cika shi, Gwaggo Rakiya a tsakiya kan kujera mai hannu, mace mai jiki, ga mafici, ga tabarau a kan hanci. Amarya tana sama a ɗaki, kamar yadda aka saba. Wata 'yar ƙanwar mamanta tana ɗaukar komai da kyamarar bidiyo.

A irin wannan zama ba a ajiye kaya a ce an gode. Kowane abu sai ya zaga hannu-hannu, a shinshina, a murza, a ɗaga. Gwaggo ta murza atamfa ta ce, "Hm." Ta fasa goro ta ce, "Ba laifi." Ta buɗe ƙaramin akwatin zoben. Hasken taga ya faɗa kan dutsen ya watsa kore da ja a tabaraunta.

"Wannan fa?"

"Ofal, Hajiya," in ji Mama, kamar a gidanmu ake haƙo shi.

"Bari in ji ko azurfar ta gaske ce. Ni fatata ba ta karɓar jabu."

Ta zura shi a yatsar tsakiya. Ya tsaya a gaɓa. Ta murza, ta danna, ya wuce. Ta miƙa hannun tana juyawa, mata suna masha Allah. Sannan ta ja. Ta sake ja. Ta sa shi tsakanin cinyoyi ta ja.

"A kawo ruwa da sabulu," in ji maman Afnan.

"Anti, kada a sa masa ruwa, zai..."

Mama ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. Yaro ba ya magana a gidan surukai. Aka kawo roba, Gwaggo ta tsoma hannu, ana ta murzawa ana hira. Zoben bai motsa ba. Da ta ɗago hannun, dutsen ya fara zama ƙanƙara.

Gwaggo ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ina kalar?"

Ta ɗaga hannun zuwa hasken taga.

"Fenti ne. Fenti suka shafa wa kwalba. Ban faɗa muku ba? A kira mini Alhaji."

Mama ta yi fari fat. Tanti Kaltouma ta fara kallon silin. Ni na zame ta ƙofar kicin na ruga waje. Yaya yana cikin mota ƙarƙashin bishiya yana gwada murmushi a madubi.

"Ya maƙale a yatsar Gwaggo, sun sa ruwa, ta ce kwalba ne, za a kira Alhaji. Ka zauna nan, ni zan je in yi musu bayani, ka ba ni..."

Kafin in rufe baki ya kai ƙofa.

Ango a falon mata, ranar sa rana, da takalmi. Wasu suka ja mayafi, wata ta ce innalillahi. Bai ga kowa ba. Ya wuce kai tsaye ya zube a kan gwiwa ɗaya gaban Gwaggo Rakiya, daidai yadda ya yi ta gwadawa a ɗakinsa, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Kai, wane ne wannan?"

"Ni ne, Gwaggo. Kada ki damu, suma ya yi. A ba ni shinkafa."

"Dafaffiya?" in ji maman Afnan.

"Ɗanya. Da yawa."

Ban san me ya sa suka bi maganarsa ba. Ina jin kwat ɗin ne. Aka kawo kwano cike, ya binne hannun Gwaggo har wuyan hannu, ya ce kowa ya yi shiru. Muka zauna muna kallon tsohuwa da hannu cikin shinkafa.

"Zai daɗe?" ta ce.

"Wancan karon bai kai sati ba."

Ta zare hannun, shinkafa ta watsu har cikin goro. Yatsar ta kumbura ta yi kamar tsiren da aka ɗaure da waya.

"Cire mini abin nan kafin in cire maka kunne."

"Sauƙi ne, Gwaggo. Noti in ya ƙi, mai yake so. Me kuke da shi a kicin?"

"Yaya, ban da mai," na ce. "Mai ba ya fita. Yaya."

"Fitar da yarinyar nan," in ji Tanti.

Abin da ke kusa manja ne, an narka shi za a yi miyar baƙi. Ya kwarara shi a yatsar, ya zuba a kan dutsen, ya bi hannun rigar Gwaggo, ya sauka a gwiwar kwat. Ya kama zoben yana murzawa.

"Hagu ake kwancewa, Gwaggo, ki saki jiki."

"Yatsata ce, ɗan nema, ba tayar mota ba." Ta sauke masa mafici a ka. Bai saki ba. Ta ƙara.

A haka Alhaji ya shigo, da kawunnanmu biyu da limamin da aka gayyato a bayansa. Abin da suka gani shi ne mai neman 'yarsa a durƙushe, riƙe da hannun yayarsa, jage-jage da manja, tana dukansa yana cewa saura kaɗan. Yarinyar kyamara ba ta rasa komai ba.



Sai ga Afnan a kan matakala. Hayaniya ta sauko da ita. Ta dubi falon, ta koma sama, ta dawo da zaren sakace. Ta ce, "Matsa, Rabiou." Ya matsa da gwiwa. Ta zura zaren ƙarƙashin zoben, ta nannaɗe yatsar, ta warware a hankali, zoben ya biyo zaren ya fito. Gwaggo ta yi ajiyar zuciyar da ta kaɗa labule.

Afnan ta goge shi da tishu ta ɗaga. Ba ƙanƙara, ba madara, ba bakan gizo. Ya koma kalar miyar da ta kwana. Ta zura a yatsarta ta saki hannu, ya sulale ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Aka ciro. Ta gwada a babban yatsa, yana lilo.

"Hannun wa ka auna?"

Yaya ya dubi kafet.

"Sifana," na ce. "Sha tara."

Liman ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙari ya mayar da ita tari amma ta ƙi. Daga nan falon ya fashe, har Mama tana dariya tana share hawaye, ban san na wanne ba ne. Afnan ta zauna a matakala ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Yaya yana nan a gwiwa ɗaya, ya manta yadda ake tashi.

Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Hannunta na cikin kofin ƙanƙara, tana kallonsa daga sama har ƙasa. Alhaji ya dube ta ya ce, "Yaya, me kika ce?" Ni dai duk haushinsa da nake ji ba na so a kore shi.

"Tun da mijina Malam ya rasu," ta ce, "ba namijin da ya durƙusa ya riƙe hannuna. Wawa ne, Alhaji, wannan ba sai an kira likita ba. Amma na dake shi da mafici bai saki ba, kuma bai ce laifin wani ba ne. A sa rana." Ta miƙa hannu. "Zoben kuma a ba ni. Ni na sha wuyarsa. Ya nemo wa yarinya wani, a auna ta kamar mutum."

Aka yi fatiha, aka raba goro mai shinkafa.

Ba mu kai High Point Road ba labarin ya fara canzawa. Kafin mu hau benen gidanmu ya gama.

"Kin gani, Mama? Mace irin Gwaggo ba a kama ta da kaya, sai da dabara. Kin ɗauka banza na zaɓi lamba babba?"

"Yi mini shiru, Rabiou."

"Manjan ne kawai ban so ba. Da yarinyar nan ta karanta mini bayanin tun farko yadda ya kamata..."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

"Da na me?"

"Ba faɗa ba ne, ƙanwata, kowa yana kuskure. Zo ki kunna kwamfuta. Na yi tunani a mota. Lu'ulu'un teku za mu saya. Abin da aka haifa cikin ruwa, ruwa zai yi masa me?"

Ban san me ya zaunar da ni ba. Na kunna, na nemo, hoton ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa. Fari, zagayayye, da bayaninsa a gefe. Na fara karantawa da ƙarfi, kalma-kalma, yadda har Tanti Kaltouma za ta ji ta bango.

"An ce kada turare ya taɓa shi, kada..."

"Chamsiya." Ya dafa kujerata, da ƙamshin manja har yanzu a hannunsa. "Danna kawai."

Na mayar da takalmina. Na ɗauki katin laburare a kan firji. Na ja ƙofar da ƙarfin da ya sa ledar da Mama ta ɗaure na'urar gobara ta faɗo, na sauka bene ina jin sa yana tambayar Mama wane maɓalli ne ake dannawa.